Alamomin Wakilci da Matsalarsu Wajen Kwafo Fayiloli Daga Kwamfuta Ta Nesa

Duk wanda aikinsa ya haɗa shi da manyan kwamfutocin jami'a ko na ma'aikata, ba ya daɗewa sai bukata ta kama shi ta ɗauko fayiloli daga wata na'ura da ke can wani gari zuwa wadda ke gabansa. Idan fayil ɗaya ne, abin ba wuya, sai ya rubuta sunansa kawai. Amma idan rahotanni ɗari uku ne na ƙananan ofisoshi, ko sakamakon jarrabawar sassa goma sha biyu, to, babu mai haƙurin rubuta sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Domin haka ne aka tanadi waɗansu alamomi da ke wakiltar sunaye masu yawa a dunƙule. Alamar tauraro, watau *, tana tsaya wa kowaɗanne haruffa kome yawansu, har ma da rashinsu. Alamar tambaya tana tsaya wa harafi ɗaya tak. Baka biyu mai kusurwa kuwa, kamar [0-9], tana tsaya wa harafi ɗaya daga cikin waɗanda aka kewaye. Ke nan wanda ya rubuta *.txt yana nufin duk fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .txt.

Wannan kowane ɗalibi yakan koye shi a makonsa na farko. Abin da ba a cika koya masa ba shi ne wane ne ke karanta tauraron nan, ya mai da shi sunaye. Muddin aikin bai wuce kwamfuta ɗaya ba, rashin sanin amsar ba ya cutarwa. Da zarar kwamfutoci sun zama biyu, masu iya karanta tauraron sun zama uku, kuma kowannensu da irin tasa fahimtar.

Asalin al'amarin yana cikin tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Bell Labs ta Amurka a 1969. A wannan tsari mutum ba ya magana da manhajoji kai tsaye. Akwai wata manhaja da ke tsakani, tana karɓar layin da aka buga, ta rarraba shi kalma kalma, sa'an nan ta kira manhajar da aka ambata ta miƙa mata sauran kalmomin. Masu sana'ar suna kiranta shel, amma aikinta na tafinta ne, kuma da wannan suna za a ci gaba da ambatonta. A bugun farko na Unix, na 1971, idan tafinta ya ga tauraro sai ya kira wata 'yar manhaja mai suna glob, ita ce za ta duba jakar da ake ciki, ta jera sunayen da suka dace, ta kira manhajar da ake so da su. Ya zuwa 1979, lokacin da tafintan Stephen Bourne ya fito cikin bugu na bakwai, wannan aiki ya riga ya koma cikin tafintan kansa. Abin lura a nan shi ne, manhajar kwafi ba ta ganin tauraro sam. Mai aiki ya rubuta cp *.txt ajiya, amma abin da ke isa ga cp jerin sunaye ne cikakku, ba ta ma san an taɓa rubuta wata alama ba. Wanda ya saba da baƙin allon umarni na Windows yakan yi tuntuɓe a nan, domin can akasin haka ake yi: tauraron yana isa ga manhaja yadda aka rubuta shi, ita ce ke fassara shi.

A 1983 Jami'ar Kaliforniya ta Berkeley ta fitar da nata Unix ɗin mai lamba 4.2BSD, a cikinsa kuwa har da rcp, umarnin kwafi tsakanin na'ura da na'ura. Shi ya kawo salon rubuta sunan na'ura, a bi shi da ruwa biyu, sa'an nan sunan fayil. Sai dai rcp yana aika kome a fili, duk wanda ke kan hanya yana iya karantawa. A 1995, bayan an kama ana satar kalmomin sirri a layukan Jami'ar Fasaha ta Helsinki, wani mai bincike a can, Tatu Ylönen, ya rubuta ssh, wanda ke lulluɓe duk abin da ke wucewa, tare da scp, wanda ba kome ba ne illa rcp da aka ɗora bisa wannan amintacciyar hanya. Daga 1999 kuma ƙungiyar OpenBSD ta ci gaba da raya nata reshen da sunan OpenSSH, shi ne wanda ke cikin mafi yawan kwamfutoci a yau.

To, a ɗauka na'urar da ke can sunanta nesa, ga kuma ma'aikaci ya buga wannan:

scp nesa:rahoto/*.txt .

Ayar da ke ƙarshe tana nufin jakar da yake ciki. A zuciyarsa ya ce a je can a kwaso masa rahotanni. Amma layin bai bar kwamfutarsa ba tukuna, yana hannun tafintan gida, shi kuwa tafintan gida bai san kome game da wata na'ura ba, ruwa biyun nan harafi ne a wurinsa kamar kowane harafi. Abin da ya gani kawai kalma ce mai tauraro, saboda haka sai ya shiga neman wata jaka a nan gida mai suna nesa:rahoto domin ya jera abin da ke cikinta. Misalin wannan shi ne akawun da aka ba takarda ya miƙa wa masinja, an rubuta a ɗauko duk fayilolin kasafi daga hedkwata, shi kuwa kafin ya miƙa sai ya buɗe tasa durowar yana neman fayilolin kasafi domin ya maye gurbin saƙon da sunayensu.

Galibi ba ya samun kome, kuma a nan ne tafintoci suka rabu. Na Bourne, da bash wanda Brian Fox ya rubuta a 1989 bisa tafarkinsa, idan ba su sami abin da ya dace ba sai su miƙa kalmar yadda take, da tauraronta. Shi ya sa umarnin na sama yake aiki ga dubban mutane shekara da shekaru, ba domin daidai yake ba, sai domin sa'a. Amma csh na Berkeley, da zsh wanda Paul Falstad ya rubuta a 1990, sukan tsai da aikin su ce ba a sami abin da ya dace ba, scp kuwa ko kiransa ba a yi. Mutum ya ga wannan saƙo sai ya ɗauka fayilolin ne babu su can, alhali ba a ko tuntuɓi na'urar nesa ba. Mutane da yawa sun fara cin karo da wannan a 2019, shekarar da kamfanin Apple ya mai da zsh tafintan da ke zuwa da kwamfutocinsa a maimakon bash, umarnin da suka saba da shi ya daina aiki dare ɗaya. Shi kansa bash ana iya sauya masa hali. Idan an kunna masa failglob zai ƙi kamar zsh. Idan kuwa nullglob aka kunna, sai ya share kalmar gaba ɗaya ba tare da ya ce uffan ba, scp ya tarar an kira shi da aya kaɗai. A gaskiya halin zsh ya fi zama alheri ga mai koyo, ko da yake ya fi ban haushi, domin yana tona kuskuren tun ran farko.

Maganin wannan mataki mai sauƙi ne. Ana kewaye kalmar da alamar zance guda guda, wadda ke gaya wa tafintan gida kada ya taɓa abin da ke ciki:

scp 'nesa:rahoto/*.txt' .

Ana kuma iya sa sanda mai karkata baya daf da tauraron, aikinsu ɗaya. Amma fa a lura, idan aikawa za a yi daga gida zuwa nesa, hukuncin yana juyawa. A umarnin scp rahoto/*.txt nesa:ajiya/ fayilolin suna gida, tafintan gida ne ya kamata ya jera su. Wanda ya kewaye wannan tauraron da alamar zance ya hana mai aikin aikinsa, scp zai nemi fayil ɗin da sunansa na ainihi tauraro ne, ya rasa.

Tafinta na biyu

Bayan tauraron ya tsira daga tafintan gida, saura wanda zai fassara shi. Tun daga rcp na 1983 har zuwa 2022, amsar ita ce tafintan da ke na'urar nesa. Abin da scp yake yi shi ne, ya shiga can da sunan mai aiki, ya ba tafintan can wani layi na umarni da ke kiran wani scp ɗin da harafin -f tare da kalmar da aka aiko. Tafintan can sai ya fassara tauraron bisa fayilolin da ke gabansa, scp na can ya shiga turo su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ɗan layin da ke faɗin izininsa da girmansa da sunansa.

Dabara ce mai arha, domin ba a sake rubuta kome ba, an jingina da abin da ke akwai. Amma tana da tsada ta wani gefen. Tafinta ba tauraro kaɗai yake fassarawa ba. Yana ɗaukar sarari a matsayin iyakar kalma, yana ɗaukar alamar dala a matsayin sunan wani abin ajiya, yana kuma iya zartar da umarnin da aka cusa cikin suna. Saboda haka fayil mai suna kasafin kuɗi.txt, mai sarari a tsakiya, sai an kāre shi sau biyu, sau ɗaya daga tafintan gida, sau ɗaya daga na nesa, watau alamar zance cikin alamar zance. Wanda ya kāre sau ɗaya sai a ce masa babu fayil mai suna kasafin, babu kuma mai suna kuɗi.txt.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Tun da na'urar nesa ce ke yanke waɗanne sunaye suka dace da tauraro, ta gida ba ta da abin da za ta auna amsar da shi, duk abin da aka turo karɓa take yi. A Janairun 2019 Harry Sintonen, na kamfanin F-Secure a ƙasar Finlan, ya bayyana cewa na'urar da ɓarayi suka mallake tana iya turo fayil ɗin da ba a nema ba, da sunan da ta ga dama, scp ya rubuta shi cikin jakar mai aiki a kan wanda ke wurin. Idan jakar ita ce gidan mai aikin, ana iya sauya fayil ɗin da tafintansa ke karantawa duk lokacin da ya shiga, shi ke nan an mallake tasa na'urar ita ma. Wannan rauni gado ne daga rcp, ya shekara talatin da biyar a kwance. A Afrilun 2019 OpenSSH 8.0 ya fito da gyara: na'urar gida ta riƙa gwada kowane suna da aka turo da kalmar da aka nema. Gyaran bai zauna daidai ba, domin scp na gida ba zai iya sanin duk salon fassarar tafintan nesa ba, har ya zamana yana ƙin fayilolin da babu laifi a cikinsu, dole aka ƙara harafin -T mai kashe binciken. Masu manhajar da kansu suka bayyana a lokacin cewa tsohuwar hanyar ta tsufa, ba ta gyaruwa cikin sauƙi.

A Afrilun 2022, cikin OpenSSH 9.0, aka sauya tushen gaba ɗaya. Sunan umarnin bai canja ba, yadda ake rubuta shi ma haka, amma a ƙarƙashi scp ya koma bin hanyar SFTP. A wannan hanya ba a ba tafintan nesa sunan fayil ya fassara. Shi scp na gida ne ke neman a turo masa jerin abin da ke cikin jakar can, ya gwada sunayen da tauraron da kansa, sa'an nan ya nemi kowane fayil da sunansa. Wannan shi ne mai karatu na uku. Kāriya ɗaya ta wadatar yanzu, wadda ke hana tafintan gida. Sai dai tsofaffin umarnin da aka adana masu alamar zance cikin alamar zance suna iya lalacewa, domin ta cikin za a ɗauke ta a matsayin wani ɓangare na sunan. Haka nan duk wata gwaninta ta tafintan nesa, kamar tauraro biyu a jere da zsh ke amfani da su wajen ratsa jakunkuna, ba ta da mai fassara ta. Wanda ya bukaci tsohuwar hanya, ko domin na'urar can ba ta da SFTP, sai ya sa babban harafin -O. Ma'aikatu da yawa suna riƙe da tsofaffin na'urori tare da sababbi, saboda haka ya kamata ma'aikaci ya buga ssh -V ya ga lambar wanda ke hannunsa kafin ya zargi na'urar wani.

Abin da tauraro ba ya kamawa

Ko da an daidaita wanda zai fassara, akwai dokoki biyu na tauraron kansa da suke jawo hasara. Ta farko ita ce ba ya kama sunan da ya fara da aya. A tsarin Unix irin waɗannan fayiloli ɓoyayyu ne, a cikinsu ake ajiye saiti da mabuɗan sirri, da kuma jakar .git mai ɗauke da tarihin aiki duka. Wanda zai tashi daga tsohuwar na'ura ya buga scp -r 'nesa:aiki/*' . zai ga fayiloli suna ta sauka, ya tabbata ya kwashe kome, ya ba da izini a goge tsohuwar, alhali ɓoyayyun suna can. Neman su da aya da tauraro shi ma yana da nasa haɗari, domin a tafintoci da yawa wannan yana kama aya biyu, watau jakar da ke sama, a shiga kwafo abin da ba a nufa ba. Sai a 2022 bash 5.2 ya daina yin haka. Abin da ya fi shi ne a ambaci jakar kanta, scp -r nesa:aiki . ba tare da wata alama ba.

Ta biyu ita ce tauraro ba ya tsallake karkatacciyar sandar da ke raba jaka da jaka, sai an sa wa kowane hawa nasa. Wannan kuwa yana kai mutum ga tarkon da ya fi kowanne shiru. A ce kowane sashe yana da jakarsa, a cikin kowace kuma akwai fayil mai suna kasafi.csv, sai aka buga:

scp 'nesa:sassa/*/kasafi.csv' .

Tauraron zai kama su duka, scp zai sauko da su duka, amma sunan ƙarshe kaɗai yake riƙewa, ba ya riƙe sunan jakar da fayil ya fito. Shi kuma ba ya tambaya kafin ya rubuta a kan fayil ɗin da ya tarar. Sassa goma sha biyu, fayil goma sha biyu sun wuce a kan allo, ɗaya ne ya rage a jaka, na sashen da ya zo ƙarshe. Babu saƙon kuskure ko ɗaya. Idan ba a buɗe an duba ba, wannan fayil guda yana iya tafiya gaba da sunan kasafin ma'aikata duka.

Ga mai rubuta sunayen fayiloli da Hausa akwai ƙarin abubuwa biyu. Alhamzar da ke cikin ra'ayi da ma'aikata da 'yan majalisa ita ce dai alamar zancen da tafinta ke amfani da ita. Wanda ya buga ra'ayi.txt tsirara zai ga tafinta ya tsaya yana jiran a rufe zancen da aka buɗe. A gida ana kewaye sunan da alamar zance mai biyu biyu, amma a tsohuwar hanyar scp tafintan nesa shi ma zai sarƙe a kanta. Hanya mafi sauƙi ita ce a bar alamar tambaya ta wakilce ta, a rubuta 'nesa:ra?ayi.txt'. Sai kuma haruffa masu lanƙwasa. A tsarin UTF-8, harafin k bayit ɗaya ne, amma ƙ da ɗ da ɓ kowannensu bayit biyu ne. Inda mai fassara alamar yake ƙidaya da bayit, kamar na'urar da ba a saita harshenta ba, ?asa.txt zai kama kasa.txt da masa.txt ya bar ƙasa.txt. Haka ma lanƙwasasshiyar alhamzar da manhajojin buga takardu ke sanyawa da kansu, ita bayit uku ce. A irin wannan wuri tauraro ya fi alamar tambaya aminci, tun da shi bai damu da yawa ba.

Yawan ma yana da iyaka idan tafinta ne ke jerawa, domin duk sunayen sai sun shiga layin umarni guda. A Linux kafin 2007 iyakar kilobayit 128 ce, daga baya aka faɗaɗa ta zuwa kimanin megabayit 2 a mafi yawan na'urori. Jaka mai hotuna dubu ɗari tana iya wuce wannan, a ce jerin ya yi tsawo.

Duk waɗannan ana iya gano su kafin a yi ɓarna, domin duba ba ya cin kome. Idan aka sa echo a gaban umarnin, tafintan gida zai nuna ainihin abin da zai miƙa wa scp ba tare da an kira shi ba. Idan aka buga ssh nesa 'ls -d sassa/*/kasafi.csv', na'urar can za ta jera abin da tauraron ya kama, mutum ya ƙidaya, ya kuma ga ko sunayen ƙarshe sun yi karo.

Inda aikin ya yi nauyi kuwa, akwai rsync, wanda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996 a Jami'ar Ƙasa ta Ostareliya da ke Kanbera. Shi ma sai an kāre tauraronsa daga tafintan gida, wannan babu makawa. Amma yana da harafin -n, wanda ke nuna abin da zai kwafo ba tare da ya taɓa kome ba, yana kuma da babban -R, wanda ke riƙe sunayen jakunkuna, ta yadda kasafin kowane sashe zai sauka cikin jakarsa. Bayan haka yana da nasa tsarin zaɓe na --include da --exclude, inda shi da kansa yake gwada sunaye yayin da yake ratsa jakunkuna, ba tare da an cusa su cikin layin umarni ba, saboda haka iyakar tsawon layi ba ta shafe shi. Shi ma a 2022, daga bugu na 3.2.4, ya fara kāre sarari da sauran alamomi daga tafintan nesa da kansa, ya bar alamomin wakilci kaɗai su wuce, ya kuma tanadi --old-args domin tsofaffin umarnin da aka rubuta da kāriya biyu.